Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Kashe Kaji Da Hunturu?

Wasiƙar da muka zaɓo yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Ya ce shi da maiɗakinsa suna kiwon kajin gida, suna kuma da ɗan lambu a bayan gida. Bara da hunturu ya shigo suna da kaji 34, kafin mako biyu saura 3. Ya ce sun ba su ja da yalo, sun jiƙa musu barkono da sassaƙen maɗaci, duk a banza. Shi ne yake tambaya: wace cuta ce wannan, mene ne maganinta, kuma ko gara su haƙura da kiwon su riƙe lambun kawai?

To Malam, muna jajanta maka, kai da maiɗakin naka. Allah Ya mayar da alheri. Mun san kaza ita ce asusun talaka: ita ce kuɗin magani in yaro ya kwanta, ita ce kuɗin makaranta, ita ce fita kunyar baƙo. Amma kada ka bar kiwo, domin abin yana da mafita.

Bisa ga bayaninka, alamu sun fi nuna cutar nan da wasu ke kira fakat, wasu kuma farin kashi. Likitocin dabbobi suna ce mata Niyukasil, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gane ta tun wajen 1926. Za ka ga kaza ta takure, ta saki fikafikai kamar mai jan riga, tana gyangyaɗi, tana numfashi da ƙyar, tana zawo kore-kore ko fari. Wata wuyanta ya murɗe, ta riƙa juyawa wuri ɗaya. In ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya share shi kusan kaf.

Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairus. Ja da yalo da sauran kafso ba sa kashe irin wannan ƙwaya, haka barkono da maɗaci. Gaskiya ɗaya ce: in ta riga ta kama kaza, ba ta da magani. Wadda ta tashi, ƙarfin jikinta ne da sauran kwana. Saboda haka kuɗin da ake zubawa wajen kafso bayan cuta ta shigo, da rigakafi aka yi da su tun da fari, da an ga amfaninsu.

Rigakafin kuwa akwai shi, a ƙasar nan ma ake yin sa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa iri-iri. Wanda ya fi dacewa da kajin ƙauye shi ne mai suna I-2, wanda masana a ƙasar Ostareliya suka fara samarwa. Ya fi sauran jure zafi, kuma ba sai da allura ba. Ɗigo ɗaya ake ɗiga wa kowace kaza a ido, babba da ɗan tsako duk ɗaya. Ka je ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukumarku ko wajen malamin gona, ka tambaya.

Ga ƙa'idojinsa, a kiyaye su da kyau. Na farko, lafiyayyar kaza ake yi wa, ba wadda ta riga ta kamu ba. Na biyu, sai bayan mako ɗaya zuwa biyu yake fara tsare ta, don haka ba a jira sai an ji kajin maƙwabta sun fara faɗuwa. Na uku, a maimaita duk bayan wata 4. Tunda hunturu yakan kama ne wajen Nuwamba, a yi a watan Oktoba, a sake a Fabrairu, sannan a Yuni. Na huɗu, jure zafi ba ya nufin a bar shi a rana. In ka karɓo, naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa gindin randa, in an haɗa shi da ruwa kuma a yi ƙoƙari a gama da shi a ranar. Kwalba ɗaya takan ishi kaji 50 ko 100, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta. Shi ya sa ya fi kyau 'yan unguwa su haɗa kuɗi, a kulle kaji tun da dare, da sassafe a bi gida-gida. Ai kajinku tare suke kiwo, in na maƙwabcinka ba su tsira ba, naka ma suna cikin haɗari.

Yanzu bari mu juya ga 'yan'uwanmu fatake masu sayen kaji kasuwa-kasuwa. Sau da yawa cutar nan a cikin keji take tafiya. Mutum ya ga kajinsa sun fara gyangyaɗi, sai ya kwashe su zuwa kasuwa ya karyar. Wani ya ga araha ya saya, ya kai gida ya saki cikin nasa. To araha ba ta ado. Don Allah a ji tsoron Allah, kada a sayar da kaza mai ciwo, kuma a riƙa wanke keji da sabulu ana shanya shi a rana. Kai kuma mai saye, duk kazar da ta shigo gidanka, ko ta kyauta ce, ware ta wuri dabam har mako biyu kafin ta haɗu da sauran. A lura da agwagi ma, domin sukan ɗauki ƙwayar ba tare da sun nuna alama ba.

Wadda ta mutu kuwa, kada a jefar a bola ko kan hanya, kare ya ja ta zuwa wani gida. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone. Akwai wani dalilin kuma: murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Nijeriya da Nijar a 2006, alamunta sun yi kama da na fakat ƙwarai, ita kuwa tana iya kama mutum. In ka ga kaji suna zubewa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa. A sanar da malamin dabbobi nan da nan.

Sai batun lambu, Malam. Kada ka raba su, domin kaza da lambu ɗan juma ne da ɗan jummai. Yi musu akurki mai iska da ƙofa, su kwana ciki, ka tsare su daga muzuru da ɓarawo, ka kuma sami kashinsu wuri ɗaya. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, ɗanyensa yana ƙone shuka. Share shi ka tara a rami da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa, ka riƙa yayyafa ruwa kana juyawa. Bayan wata 2 zuwa 3, in ya yi baƙi ya daina wari, sai ka zuba wa alayyafo da kuɓewa da tattasai da yakuwa. Amma sharar akurkin da aka yi ciwo a cikinsa, wannan ƙone ta za a yi.

Lambun shi ma zai biya kajin. Ganyen zogale da ragowar alayyafo abinci ne gare su. Haɗa musu da dusa da ɗan garin ƙuli-ƙuli, da dakakken ƙashi da aka ƙona saboda masu ƙwai. 'Yan tsaki kuma a samo musu gara, a kife su da kwando a makonnin farko saboda shirwa. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, a zuba musu toka a gefe su yi birgima saboda ƙwarƙwata. Sai dai a yi wa lambun shinge da kara, in ba haka ba su tone maka iri. Kaza mai ƙoshi ta fi cin moriyar rigakafi.

Kaji 3 ɗin nan da suka rage, kada ka raina su. Kwana 21 kaza take yi kan ƙwai ta ƙyanƙyashe. In an yi musu rigakafi a kan kari, aka tsare 'yan tsaki, da yardar Allah kafin baɗi tsakar gidanku ya sake cika. A gaida mana maiɗakin naka, a ce mata ta riƙa tuna maka da watan Oktoba.

Masu sauraro, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.