Man Kaɗe Da Sabulun Salo Sun Dawo Kasuwa, Amma A Saya Da Lura

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin Jos, Kaduna ko Zariya a 'yan shekarun nan zai ga wani canji a rumfunan masu kayan kwalliya. Man kaɗen da a dā ake ce masa man ƙauyawa, yanzu ga shi cikin 'yan robobi masu murfi, an manna masa takarda da Turanci. Sabulun salo kuma, wanda 'yan makaranta kan ɓoye a ƙasan akwati don kada a yi musu dariya, ya zama abin da matan birni ke aikawa a kawo musu. Wasu sun komo ne saboda tsadar mayukan kanti, wasu kuwa wahala ce ta koro su, watau wahalar man bilicin.

Mai karatu ya san irin fuskar da nake nufi. Kumatu sun yi ja kamar an gasa, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, ga nankarwa a damtse, ga jijiyoyi kore shar a waje. Abubuwa uku ne suka fi jawo wannan: sinadarin haidurokinon, da zaiba, da magungunan sitiroyid waɗanda likita kan rubuta don ciwon fata na 'yan kwanaki, amma mutane suke shafa su shekara da shekaru. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini ta lalata ƙoda, tana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki. Sitiroyid kuwa yana sa fata ta yi sirara, har idan aka yi wa mace tiyata ɗinki ya ƙi kamawa da wuri. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka. Gana ta hana mayukan haidurokinon a 2017, Ruwanda ta bi sawu a 2018, sa'an nan a 2023 hukumar NAFDAC ta ce lamarin bilicin a ƙasar nan ya kai matsayin ta-ɓaci. Maza ma ba su kuɓuta ba, sai dai su ba a cika faɗa ba.

To, komawa gida abu ne mai kyau, da tsohuwar zuma ake magani. Amma tun da ji ba ya kai gani, a gidanmu mun ajiye man kanti da sabulun ƙamshi har tsawon hunturu guda, muka riƙe man kaɗe da sabulun salo kaɗai, manya da yara.

Man kaɗe bai ba mu kunya ba. Kaushi da faso, waɗanda kan addabi ƙafa daga Disamba zuwa Fabrairu, sun yi sauƙi cikin mako biyu, leɓunan yara kuma ba su tsage ba. Dabarar ita ce a shafa shi da zarar an fito wanka, jiki da sauran damshi, a murza shi a tafin hannu sai ya narke tukuna. Idan aka shafa a busasshiyar fata sai ya zauna a sama, ƙura ta bi ta manne. Yana da nauyi, don haka wanda fuskarsa ke yawan maiƙo ya rage hannu, musamman da bazara. Warinsa ne abin da matasa suka fi kuka da shi. Man da aka yi da kyau yana da ɗan warin hayaƙi kaɗan ne kawai, launinsa fari-fari ko ruwan ƙwai. Wanda ke wari mai hawa kai, ko dai ƙwarar ta yi funfuna kafin a sarrafa ta, ko man ya daɗe a rana. Kada a saye shi, ko da mai sayarwa ta rantse.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwa mata. Man kaɗe ba ya sa fari, bai taɓa sa wa kowa ba. Yanzu akwai masu haɗa mai a gida suna tallarsa a WhatsApp da Facebook da sunan haɗin gargajiya, suna cewa cikin kwana bakwai za a ga haske. Duk man da ya haskaka fata cikin mako guda, akwai abin da aka zuba a ciki wanda ba a faɗa ba, sau da yawa ma tsohon bilicin ɗin nan ne aka matse daga kwalinsa aka cakuɗa da man kaɗe. Mai na kanti ko banza yana da lambar rajistar NAFDAC da za a duba. Wannan kuwa ba suna, ba adireshi, in ya ƙone ki ba ki da wanda za ki kama.

Sabulun salo sai a yi masa adalci ta fuska biyu. Ana yin sa ne da ruwan toka da mai. A ƙasar Yarabawa da Gana tokar ɓawon koko ko ɓawon ayaba suke tacewa, su dafa da man alayyadi ko man kaɗe. Yana fitar da datti da maiƙo sosai, ba shi da turaren da ke sa wasu ƙaiƙayi, kuma curi ɗaya yana daɗewa in ba a bar shi cikin ruwa ba. Amma toka tana da kaifi, kuma hannun kowace mai dafawa daban ne. Curin farko da muka saya lafiya lau. Na biyu kuwa, daga wata rumfa dabam, ya sa wuyan ƙaramar 'yarmu ya yi ja yana zafi, dole muka mayar da shi sabulun wanki. Saboda haka sabon curi a fara gwada shi a cikin hannu, a jira kwana ɗaya. Kada a goga curin kai tsaye a fuska, domin akan sami ɓurɓushin toka a ciki. A yi kumfa a hannu tukuna. Jariri kuwa a nema masa sabulu marar kaifi.

Lalle ba sai na yi dogon bayani ba, ganye ne, iyayenmu sun ƙunsa sun tsufa lafiya. Amma lalle na gaskiya ja yake bayarwa, kuma yana son sa'o'i kafin ya kama. Baƙin da ake zana wa amare ya kama nan da nan, yawanci dayis ɗin rina gashi ne a ciki, mai sinadarin da ake kira PPD. Wasu yana tayar musu da ƙuraje masu ruwa daidai bisa zanen, tabon ya zauna wata da watanni, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ko rinin gashi ta yi daga baya zai iya tayar mata. Uwayen amarya su tambayi mai ƙunshi abin da ta kwaɓa kafin a miƙa hannu.

Wanda ya fi damuna shi ne tozali, domin shi ne aka fi amincewa da shi, shi ne kuma ake ɗura wa jarirai tun ba su yi arba'in ba, wai don ido ya yi kyau ya yi ƙarfi. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma da yawa a jinin wani jariri ɗan wata shida wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Da aka bincika sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Mu a Arewa mun san aikin wannan guba, domin a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, ba daga tozali ba, amma gubar ɗaya ce. Kaɗan-kaɗan ɗin da ba ya kisa yana dakushe ƙwaƙwalwa, yaro ya girma karatu yana yi masa wuya, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Na san kakanni za su ce ai su da shi aka rene su. A ba su girmansu, a yi musu bayani da ladabi, amma a ɗauke tandun daga kusa da jariri.

Akwai kuma maganar itacen kansa. Mai sayen man kaɗe a birni ba lalle ya san wahalar da ke cikinsa ba. Da damina mata ke fita da sassafe su tsinci 'ya'yan da suka faɗo, cikin ciyawa da tsoron maciji. A cinye naman, a dafa ƙwarar, a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sa'an nan a zauna ana bugun ƙullun da hannu ana zuba ruwa har man ya taso, a kwashe a sake dafawa a tace. Kaɗanya kuwa ba a cika shuka ta ba, da kanta take fitowa, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Ga shi itacenta yana da ƙarfi, masu gawayi da masu sassaƙa turmi suna son sa ƙwarai. Buhunan gawayin da ake gani jere a bakin hanya a jihohin Neja, Kwara da Nasarawa, wasunsu kaɗanya ce da ta girmi mai saran. Abin da aka yi shekara 20 ana jira, rana ɗaya ake ƙone shi.

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ƙwarar kaɗe a duniya, amma ɗanya aka saba kwashe da yawa daga cikinta zuwa waje, inda kamfanoni ke tatse man su sa a cakulan da mayukan shafawa, wasu su dawo mana cikin kwalba da tsada. A watan Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata shida, don a riƙa sarrafa ta a gida. Nan take farashinta ya faɗi a kasuwannin ƙauye, matan da suka tara buhuna suna jiran 'yan sari su ne suka fara ji a jikinsu. Don haka ƙungiyoyin Zumuntar Mata da ke birni, masu neman mai mai kyau, suna iya haɗa kuɗi su saya kai tsaye daga hannun 'yan'uwansu na karkara masu bugawa. Kwano ɗaya da aka rufe aka ajiye a inuwa yakan kai shekara bai lalace ba, ya ishi gida guda fita hunturu.