Daga Birnin Kebbi Zuwa Argungu A Kan Keke

'Yan uwa 'yan mata, duk wadda ta saba shiga mota ta yi ta gyangyaɗi har tasha, wallahi ba ta san hanyar Argungu ba. Kilomita 50 ce da ɗoriya. Mai keke in ya yi sammako, ko yana tsayawa shan iska, kafin azahar ya sauka.

Daɗin tafiyar sai an wuce Ambursa an ratse wajen fadamar Rima. Shinkafa kore shar, ga balbela, ga kirinjijiya da dinya suna kiwo bakin ruwa. Amma wanda ke hana manomi barci shi ne jan-baki, ɗan mitsitsin tsuntsu mai tashi garke guda kamar hayaƙi. In ya sauka gona, wahalar watanni ta tafi a wuni ɗaya. Shi ya sa za ki ga yara cikin rana suna ta kaɗa gwangwani, alhali a aji ya kamata a same su.

A Argungu kuwa, ki leƙa gidan tarihi na Kanta, sannan Matan Fada, inda ake shahararren bikin kamun kifin nan da ya soma a 1934. Ki nemi izinin gida tukuna, ki tafi da yayanki, kada a manta famfo da gorar ruwa.