Daga Tom da Jerry Zuwa Gizo: Ina Namu Jaruman?

Duk wanda ya tashi a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada ko Doguwa ya san yadda muke yi. Da an kawo wuta sai mu cika ɗakin maƙwabci mai talabijin, ko mu kai memori shagon masu tura fim a loda mana katun. Ba ma jin Turanci sosai a lokacin, amma Tom da Jerry ba su buƙatar tafinta. Kyanwa ta bi ɓera, ɓera ya yi mata wayo, mu kuwa dariya har da hawaye.

Da yawanmu ba mu san cewa wannan katun ya girmi iyayenmu ba. William Hanna da Joseph Barbera ne suka ƙirƙiro shi a Amurka a 1940, kuma da hannu aka zana shi. Sirrin motsin shi ne a jera hotuna 24 su wuce cikin daƙiƙa ɗaya, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa, sai ido ya ga kamar abu mai rai.

Su ma jaruman da muke gani a fim, a littattafan labarin zane aka haife su. Superman ya fara fitowa a 1938, Spider-Man a 1962, Black Panther kuma a 1966. Waɗanda suka ƙirƙiri Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, a makarantar sakandare suka haɗu a birnin Cleveland, suna sa'o'inku. Sai dai sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 kacal, suka yi shekaru suna shari'a a kansa. Wannan darasi ne ga duk mai fasaha: kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba.

Abin da ke damunmu shi ne, mun haddace jaruman wasu, namu kuwa suna jiran mai zana su. A Legas, Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a 2013. Roye Okupe kuma ya samo jarumarsa Malika daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. To mu fa? Muna da Gizo da Ƙoƙi, kuma wayon Gizo bai gaza na Jerry ba. Muna da dajin Falgore, da duwatsun Riruwai, da madatsar ruwa ta Tiga. Ace jarumarmu 'yar aji uku ce mai fahimtar yaren namun daji, tana kare Falgore daga masu sare itatuwa, wa zai ƙi karantawa?

Mun san an sha ce mana zane shiririta ce. Iyayenmu suna da hujja idan katun ya hana mu salla a kan lokaci, ko aikin gida, ko shirin jarrabawa. Mu fara sauke waɗannan, domin mai labarin zane ma sai ya iya rubutu.

Ranar Asabar ku gwada wannan. Ku samo tsohon littafin rubutu, ku zana Gizo a ƙasan kowane shafi, kuna ɗan matsar da ƙafarsa kaɗan-kaɗan. Idan kun kai shafi 20, ku karkaɗa shafukan da babban yatsa, ku ga yadda zai ruga da gudu. Ranar Litinin kuma ku kai wa 'yan ajinku su gani.