Gajiyar Mai Awo, Asarar Majinyaci

Daga Yuli zuwa Oktoba, idan damina ta kankama a ƙasar Arewa, zazzaɓin cizon sauro kan cika asibitin Dogon Dutsi da cibiyoyin lafiya na Tibiri, Matankari da Kore Mairuwa. Ƙananan cibiyoyi sun fi amfani da gwajin gaggawa, amma idan ana son sanin irin ƙwayar cutar da yawanta a jini, dole a koma ga madubin likita. Da irinsa ne Laveran ya fara ganin ƙwayar a Aljeriya a 1880. Da madubin kuma ake duba kakin mai tari, da ruwan ƙashin bayan wanda ake zargin yana da sanƙarau, cutar da ta yi ɓarna a nan a 2015.

Mai jiran sakamako gani yake leƙawa ce kawai. Ina! Kafin mai awo ya ce babu ƙwaya a jini, ƙa'ida ita ce ya duba gurbi aƙalla 100 a kan gilashi ɗaya. Idan ya wuni a duƙe, wuya ya ƙage, ido ya yi yaji, sai ƙwaya ta wuce bai gani ba. A sallami yaro da cutarsa.

Shi ya sa zaman mai awo ba ƙaramin abu ba ne. Kujera ta zama mai majingina, tsayinta daidai yadda ido zai kai bakin madubi ba da sunkuyo ba. Idan madubin ya yi ƙasa, a ɗaga shi da katako, kada a bar wuya ya biya bashin. Hannaye su kwanta bisa tebur, ƙafafu su taka ƙasa. A daidaita tazarar idanun madubi, a duba da ido biyu, a rage hasken fitila. Duk bayan kamar minti 20 a ɗaga kai a hangi nesa. Wanda wuta ta ɗauke masa ya koma ga hasken waje, kada ya kuskura ya harbo rana kai tsaye cikin madubin, tana ƙona ido.

Na'urar ma tana da nata haƙƙi. Ƙurar hunturu na karce gilashi, laimar damina na sa shi fumfuna. A rufe ta bayan aiki, a goge man da ake ɗigawa a kan gilashi da takardarsa ta musamman, ba da bakin riga ba. A ɗauke ta da hannu biyu. Safar hannu wajibi ce wajen taɓa jini da kaki, shayi da goro kuma su tsaya a waje.

Shugabannin asibiti, kujera mai kyau ba ta kai kuɗin madubi ba, ku saya. Ku kuma ƴan uwa masu jinya, ku bar ƙwanƙwasa tagar ɗakin awo kuna cewa a yi sauri.