Mafarin Tsada Da Arha A Kasuwa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai arzurta bayi, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan azumi ya kama sai mu ji koke a kan tsadar sukari da dabino da hatsi. Ya kamata mu san mafarin abin, domin kada mu zargi marar laifi, kada kuma mai laifi ya fake da ƙaddara.

Farashi yana tsaye ne bisa abu biyu: yawan kayan da ke kasuwa, da yawan masu neman su. Da kaka rumbuna cike suke, kowa na kai hatsi kasuwa, sai kuɗin tiya ya sauka. Idan damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, masu saye sun rinjayi masu sayarwa, sai ya hau. Haka albasar Galmi take: arha lokacin cira, tsada bayan watanni. A cikin azumi kuwa, sau da yawa kayan ba su ragu ba, buƙata ce ta ƙaru, domin gidaje duka suna neman sukarin kunu a lokaci guda.

Dattawa ba su manta da shekarar 2005 ba. Fari da fara sun rage amfanin gonar 2004, aka wayi gari ga hatsi a kasuwannin Maraɗi amma talaka ba ya da abin saye.

Tsadar da ƙarancin ruwa ya haifar jarrabawa ce. An roƙi Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yanka farashi a Madina, bai yarda ba. Amma ya haramta ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a. Wanda ya kwashe buhuna ya kulle, yana jiran yunwa ta tsananta, shi ya ƙirƙiri ƙarancin da hannunsa. Wanda kuwa ya ɗauko kaya daga nesa ya zube a kasuwa, ya taimaka wajen saukar da farashi, ribarsa halal ce.

Mai saye ma yana da nasa rabo. Idan masu hali suka sayi abincin wata guda a rana ɗaya, sun tsadanta shi ga mai sayen tiya guda. Mu sayi gwargwadon buƙata, mu fito da abin da muka ajiye. Allah Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya karɓi azuminmu. Amin.