Yadda ake magance katsalandan ɗin lantarki a ƙananan injinan CNC

Masu amfani da ƙananan injinan CNC wajen sassaƙa katako ko ƙarfe a gidajensu kan yi fama da wata matsala da ido ba ya gani. Injin yana tsaka da aiki sai ya tsaya cak, ko ya kauce wa zanen da aka ba shi, ta yadda aikin sa'o'i da dama kan lalace, bakin yankan ma ya karye.

Galibi akan ɗora laifin a kan kwamfuta, alhali kuwa sau da yawa matsalar tana cikin wayoyin injin ne.

Shi dai injin CNC kwamfuta ce ke sarrafa shi. A shekarar 1952 aka baje kolin ɗaya daga cikin injinan farko masu bin umarnin lambobi a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka. Amma fitowar allon Arduino a Italiya a 2005, da manhajar Grbl a 2009, sun taimaka wajen kai wannan fasaha hannun masu ƙaramin ƙarfi.

Ina tushen matsalar?

Moto da ke juya bakin yanka yakan samu wuta ne ta wata na'ura da ake kira VFD, wadda ke daidaita saurinsa ta hanyar kunnawa da kashe wutar sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Haka ma na'urorin da ke tuƙa ƙananan motocin da ke matsar da bakin yankan suke yi.

Wannan saurin kunnawa da kashewa yana haifar da igiyoyin lantarki da ke bin wayoyi, suna kuma bazuwa cikin iska. Irinsu ne ke jawo ƙarar da mai sauraron rediyo a gajeren zango kan ji idan an tayar da wani inji a kusa da shi.

To sai dai allon da ke ba injin umarni yana aiki ne da wutar da ba ta wuce volt 5 ba. Don haka ƙaramin katsalandan ya isa ya sa ya ɗauka cewa injin ya taɓa makunnin iyaka, ko kuma ya katse hulɗarsa da kwamfuta ta wayar USB.

Matakan kariya

Mataki na farko, wanda kuma ba ya cin kuɗi, shi ne raba wayoyi. Masu ƙera VFD kan ba da shawarar barin tazarar kamar santimita 20 zuwa 30 tsakanin wayar moto da wayoyin saƙo. Idan ya zama dole su haɗu, to su gitta juna, kada su tafi a jere.

Na biyu shi ne amfani da waya mai rigar saƙar ƙarfe daga VFD zuwa moto, a ɗaure rigar da jikin ƙarfe a bakunan biyu, domin igiyoyin su koma inda suka fito. Sanya na'urorin cikin akwatin ƙarfe shi ma yana taimakawa, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gwada a Ingila a 1836.

Na uku, a murɗa wayoyin saƙo biyu-biyu, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1881 domin layukan tarho. Ana kuma iya zura waya cikin zoben ferrite, a sa matacin lantarki a inda wuta ke shiga VFD, sannan a mayar da makunnan iyaka kan volt 24, tare da 'yar na'urar da ke miƙa saƙo ta haske, wadda za ta raba su da allon.

Bugu da ƙari, wajibi ne dukkan sassan ƙarfe su haɗu a wuri guda da wayar ƙasa mai inganci, ko da da janareta ake aiki.

Dokoki da haɗari

Tun a 1989 ƙasashen Tarayyar Turai suka amince da dokar taƙaita irin wannan katsalandan, wadda ta zama tilas a 1996. Sai dai dokar ta fi shafar kamfanoni ne. Wanda ya harhaɗa injinsa a gida, shimfiɗa wayoyin ya rage nasa.

Akwai kuma haɗari ga rai. VFD mai aiki da volt 230 kan tara wutar da ta haura volt 300 a cikinsa, kuma takan daɗe na wasu mintuna bayan an cire shi daga soket. Saboda haka masu ƙera shi ke gargaɗin a jira, a kuma auna, kafin a kai hannu.