Taki, Toka da Kwalbar Feshi: Shukar Bayan Ɗaki a Ƙasar Dutse

Da wuya ka shiga gidan gargajiya a Garu ko Limawa cikin garin Dutse, ko a ƙauyukan da ke kewaye da Dutse irin su Chamo da Sakwaya da Kudai, ka fito ba ka ga abin miya a tsaye a ƙasa ba. Zogale na jikin katanga, kabewa ta haye danga ko rufin ɗaki, ga 'yan gindin kuɓewa da rama da yakuwa a bayan ɗaki, alayyafo kuma ya samu wuri a gefen inda ake alwala, don nan ƙasa ba ta bushewa. Mafi yawa aikin mata ne da tsofaffi. Ba a auna wurin, ba a lissafin abin da aka kashe, kuma abin da ya fito tukunya ya nufa, sai wanda aka aika wa maƙwabta.

A duniya yau akwai tsarin noma da ake kira oganik, mai ƙa'idodi a rubuce: ba takin zamani, ba maganin ƙwari ko na ciyawa da aka haɗa a masana'anta, sai a ciyar da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a riƙa sauya shuka, a kori ƙwaro da abin da ya fito daga tsiro. Ƙungiyar IFOAM da ke jagorantar wannan tafiya an kafa ta a Faransa a 1972. A Amurka sai gona ta shekara 3 ba ta ga sinadarin da aka hana ba kafin a yarda a kira amfaninta da wannan suna. Matar da ke yayyafa irin alayyafo a Kachi ba ta da labarin waɗannan dokoki, amma idan aka ɗauki dokokin aka gwada su da abin da take yi, za a tarar ta cika mafi yawansu. Inda take kaucewa kuwa sananne ne, kuma yana da dalili.

Wajen ciyar da ƙasa, al'adar mutanen nan ta tsaya da ƙafarta. Ƙasar Dutse da Kiyawa da Jahun rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe abinci, damina kuma gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Wanda ya zauna a irin wannan ƙasa dole ya san darajar taki, shi ya sa ba a zubar da komai. Kowace safiya ana share turken awaki da tumaki, a haɗa da sharar tsakar gida, da ragowar harawa da karan da dabbobi suka tattake, da ƙaiƙayi, a kai juji. Jujin nan yana shan ruwan wanke-wanke, kaji suna tona shi, gwazarma tana juya cikinsa, har ya yi baƙi ya yi laushi. Da bazara maigida zai kwashe mafi yawansa a mangala ko amalanke zuwa gona, uwargida kuma ta riga ta ɗebi rabonta a kwando ta zuba a bayan ɗaki. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa da irin wannan jigilar taki a kan jakuna ne manoma suka daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba. Dutse a lokacin tana cikin lardin Kano, kuma hannun noman ɗaya ne.

Kowane taki da matsayinsa, kuma tsofaffi sun san bambancin. Na shanu sanyi gare shi, yana daɗewa a ƙasa. Na awaki da tumaki ya fi shi ƙarfi. Kashin kaji da na tantabara zafi gare su, idan aka zuba su ɗanye a gindin dashe sai su ƙone shi, don haka ake bari su kwana biyu ko a cuɗa su da ƙasa. Sai kuma toka. Tokar murhu ana barbaɗa ta a kan ganyen kabewa da kuɓewa da sassafe, lokacin da raɓa ba ta bushe ba, don ta manne ta hana ƙwaro ci. Ana zuba ta a gindin shuka saboda gara da tururuwa, ana kuma cuɗa iri da ita kafin a ajiye. Ilimin zamani ya gaskata wani ɓangare na wannan, domin toka tana da sinadarin fotash da ke taimaka wa fure da 'ya'ya, sai dai ba ta da naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, kuma idan ta yi yawa tana ɓata ƙasa.

Iri ma a hannu yake. Ana barin kuɓewa biyu ko uku mafiya kyau su ƙosa su bushe a jikin uwarsu, a tsinke a rataye a madafi inda hayaƙi ke korar ƙwari. Haka ake yi da kan alayyafo da 'ya'yan yakuwa. Zogale kuwa reshe ake sara a kafa. Idan damina ta kama, za ka ji yarinya ta yi sallama a gidan maƙwabta tana cewa, "Iya, wai in ji Ummata a sam mata irin kuɓewa," kuma ba a hanawa, ba a karɓar kuɗi. Amarya da ta tare a wani ƙauye takan tafi da irin kabewar gidansu. Ta haka irin da ya saba da zafin wannan ƙasa da ƙarancin ruwanta yake yawo daga gida zuwa gida. A ganina wannan ita ce dukiya mafi tsada a cikin al'adar, kuma ita ce aka fi sakaci da ita, domin irin gwangwani da na leda da ake sayarwa a shaguna ya fi ɗaukar ido, ga shi mafi yawa ya zo da magani a jikinsa, wani kuma idan aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya maimaita kyan farko.

Takin zamani ya shigo ƙauyuka sosai ne a shekarun 1970, musamman da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo a 1976, wanda ya zuba tallafi a kan taki, ya kuma yi kira ga kowa ya yi shuka a bayan gidansa. Tun daga nan takin kamfa da yuriya suka zama 'yan gida. Ba a sayen buhu don shukar bayan ɗaki, amma idan maigida ya sayo na gero da dawa, ba a rasa cikin tafin hannu da za a kai wa alayyafo. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, shi ya sa cikin 'yan kwanaki ganye ke canza launi, kuma wanda ya ga haka sau ɗaya zai so ya sake. Duk da haka za ka ji tsofaffin mata suna cewa ganyen da ya sha takin zamani ruwa ne zalla, ba ya jure kwana, miyarsa kuma ba ta kai ta takin gida gardi ba. Tsadar da taki ya yi tun 2022, da ƙarin da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ta mayar da mutane da yawa ga juji. Kashin kajin gidajen gona, wanda a da ake neman mai kwashewa, yanzu a buhu ake sayar da shi.

Inda al'adar ta fi rauni shi ne wajen ƙwari. Muddin ɓarnar kaɗan ce, hannu da toka sun isa: a tsince tsutsa a jefa wa kaji, a cire ganyen da ya kamu. Ga kuma maina, wato darbejiya ko dogon yaro, da ta cika titunan Dutse da harabar makarantu. Bishiyar baƙuwa ce daga Indiya, an fara dasa ta a Borno a 1928, amma ta zama tamu. Akan daka 'ya'yanta ko ganyenta, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, wasu su ƙara barkono, a yayyafa da yamma. Yana aiki, domin yana hana ƙwaro ci, yana kuma hana tsutsa girma. Sai dai ba ya kashewa nan take, rana tana karya ƙarfinsa, dole a maimaita kusan kowane mako. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma matar da ta wayi gari ta ga darɓa ta baƙanta kuɓewarta, ko tsutsa ta huda tumatirinta, ba kullum take da wannan haƙurin ba. Sai ta aiki yaro kasuwa.

Abin da yaron zai dawo da shi shi ne abin damuwa. A kasuwar Shuwarin da ta Sara da shagunan cikin gari ana sayar da magungunan feshi, kuma sau da yawa ana tsiyaya su a ƙananan kwalabe marasa rubutu, gwargwadon kuɗin mutum. "Malam, a ba ni maganin tsutsa," shi ke nan bayanin. Murfin kwalba shi ne ma'auni. Kwanakin da ya kamata a jira tsakanin feshi da tsinka suna rubuce a jikin babbar kwalbar da aka baro a shago, da Turanci. Wani lokaci ma ragowar fiya-fiyan da aka saya don sauro ko don ajiyar wake ake tsarmawa da ruwa. Sinadarin da ke cikinsa shi ne wanda ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe saboda yawan illar da yake yi. Alayyafo da latas ganye ne da ake tsinka kusan kullum, wasu ma ɗanye ake cin su a kwaɗo. Feshi ɗaya da aka yi cikin gaggawa yana iya rushe amfanin duk takin gidan da aka wahala aka tara.

Gwargwadon nisan shuka da tukunyar mai ita, gwargwadon yawan sinadarin da take sha. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991 Dutse ta cika da ma'aikata, kuma a sababbin unguwanni irin su Takur da Danmasara akwai gidaje masu rijiyar burtsatse da fili a cikin katanga. A nan za ka ga tumatir da tattasai da latas da kabeji, wasu a fangali, wasu a buhunan siminti da tsofaffin bokitai. Masu irin wannan lambu su ne suka fi jin labarin illar magani a rediyo da waya, wasunsu ma don gudun kayan kasuwa suka fara shukar. Amma su ne kuma ba su da turke, ba su da juji, sai sun sayi taki, kuma kayan da suke so su ne ƙwari suka fi so. Daga nan sai masu lambun rani na sayarwa, a fadamu da bakin madatsar ruwa ta Warwade, waɗanda shirin Fadama na shekarun 1990 ya sauya musu jigo da injin ban-ruwa. Su kam jari suka zuba. Wanda ya ga yadda tsutsar sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna a 2016 ba zai yi saurin zargin manomin da ya rungumi injin feshi ba. Kasuwa ma ba ta taimaka masa, domin mai saye ganye mai sheƙi yake ɗauka ya bar mai huji, kuma babu wanda zai ƙara ko sisi don an ce masa wannan bai sha magani ba.

Akwai kuma gyaran da noman da aka gada shi kansa yake buƙata, kuma son al'ada bai kamata ya hana a faɗa ba. Jujin yau ba irin na kakanninmu ba ne. A da duk abin da ya shiga cikinsa mai ruɓewa ne. Yanzu akwai leda, da mataccen batir, da fasasshiyar kwalba, da kunzugun yara na zamani, kuma akan cinna masa wuta a kwashi tokar a kai gindin shuka. Takin da bai gama ruɓewa ba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, shi ya sa dokar oganik ta Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa. Ruwan alwala da na wankin hatsi ba su da laifi, amma ruwan kwata da ya haɗu da na makewayi bai dace da ganyen da za a ci ɗanye ba. Raba leda da batir daga shara, da rufe juji a bar shi ya yi zafi ya nuna, da ware ruwan da za a ba shuka, duk ba sa cin kuɗi.

Masu ilimin da za su kai wannan bayani suna nan kusa. Hukumar aikin gona ta jihar, JARDA, tana da malaman gona, Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 tana da tsangayar aikin gona, ga kuma tashar binciken dabino da ta daɗe a garin. Sai dai hankalin aikin gona na hukuma ya fi karkata ga shinkafa da alkama da riɗi, amfanin da ake aunawa da buhu da hekta. Malamin gona namiji kuma iyakarsa zaure, alhali shukar tana can ciki, a hannun matan da ba zai gani ba. Malamar gona mace ita ce za ta iya yin sallama ta shiga har bayan ɗaki, ta ga kwalbar da aka ajiye a kan katanga, ta tambayi yaushe aka yi feshi da yaushe za a tsinka, ta kuma zauna a daka 'ya'yan maina tare da ita.